Hanya a Rufe, Haya na Tafiya: Wa Ya Ɗauki Asarar 'Yan Kasuwar Tahoua a Shekarar Korona?

Ranar 17 ga Maris 2020 Shugaba Mahamadou Issoufou na Nijar ya yi wa 'yan ƙasa jawabi, ya ba da umarnin rufe filayen jiragen sama na Yamai da Damagaram, da iyakokin ƙasa, da makarantu, aka kuma hana manyan taruka. Kwana biyu bayan haka aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Yamai. Kafin watan ya ƙare an kafa dokar ta-ɓaci, an hana fitar dare a babban birni, an killace shi daga sauran jihohi. Masallatai ma sai ranar 13 ga Mayu aka sake buɗe su. Da ƙura ta lafa, alƙaluman hukuma sun nuna waɗanda suka kamu a ƙasar baki ɗaya ba su cika 10,000 ba, waɗanda suka rasu kuma ɗari uku ne da 'yan kai. Idan aka auna da abin da zazzaɓin cizon sauro yake yi a damina guda, wannan kaɗan ne. Amma ɗan kasuwar Tahoua ba da ƙididdigar asibiti yake auna shekarar 2020 ba. Abin da yake tunawa shi ne watannin da ya buɗe shago tun safe har la'asar bai yi cinikin kirki ba, ga kuma mai shago yana jiran kuɗinsa ƙarshen wata.

A ƙasashen Turai akwai abin da aka tanada domin irin wannan rana, wato inshorar katsewar ciniki. Mai gidan abinci ko mai kanti yana biyan wani abu duk shekara, idan wata masifa ta tsayar da sana'arsa sai kamfanin ya biya masa ribar da ya rasa da kuɗaɗen da ba sa tsayawa ko an daina aiki, kamar haya da albashin ma'aikata. Wasu masu ba da shawara kan tattalin arziki sukan ce matsalar 'yan kasuwarmu ita ce ba su da wannan kariya, da suna da ita da ba su shiga bashin haya ba. Maganar tana da daɗin ji, sai dai abin da ya faru a inda ake da inshorar bai goyi bayanta ba.

Dubi Faransa, wadda dokokin inshorarmu suka samo tushe daga nata. A watan Yuni 2020 hukumar da ke sa ido kan bankuna da kamfanonin inshora ta ƙasar ta binciki takardun yarjejeniya, ta gano cewa kashi 93 cikin ɗari na masu irin wannan inshora ba su da haƙƙin komai a kan annoba, kashi 3 kawai ke da shi ƙarara, ragowar kashi 4 kuma rubutun bai fayyace ba. Dalilin shi ne an gina inshorar ce a kan lalacewar dukiya: gobara ta ci shago, ko ruwa ya rusa bango, ciniki ya tsaya har a gyara. Ƙwayar cuta ba ta ƙona komai, ba ta fasa komai. Wani mai gidajen abinci a Paris, Stéphane Manigold, ya yi nasara a kan kamfanin AXA a watan Mayu 2020, dubbai suka bi sahunsa, har kamfanin ya ware euro miliyan 300 a 2021 domin sulhu da masu gidajen abinci kimanin 15,000. Amma a Disamba 2022 kotun ƙoli ta ƙasar ta tabbatar da sharaɗin da AXA ya rubuta na cire annoba daga abin da yake biya. A Ingila masu inshora sun fi sa'a, domin ranar 15 ga Janairu 2021 kotun ƙoli ta karkata gefensu a shari'ar da ta shafi mutane da kamfanoni kusan 370,000. A Afirka ta Kudu ma wani gidan abinci mai suna Café Chameleon ya kayar da kamfanin Guardrisk a ƙarshen 2020. Sai dai duk waɗanda suka ci nasara a waɗannan wurare, takardunsu na ɗauke da wani ƙarin sharaɗi da ya ambaci cuta mai yaɗuwa ko rufewa da umarnin hukuma. Kotunan sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ba su ce duk wanda kasuwa ta juya wa baya a biya shi ba. Kamfanonin kuwa da zagayowar shekara suka sake rubuta takardunsu, suka toshe ƙofar.

Toshewar ba mugunta kaɗai ba ce. Inshora tana rayuwa ne a kan cewa shago ɗaya cikin dubu zai ƙone a shekara, sauran ɗari tara da casa'in da tara su biya masa. Annoba kuwa rana ɗaya take taɓa dubun gaba ɗaya, babu wanda zai biya wa wani.

A Nijar maganar ma ba ta kai nan ba. Harkar inshora tana ƙarƙashin dokar CIMA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yaoundé ranar 10 ga Yuli 1992, mai haɗa ƙasashe 14. Kamfanoni irin su SNAR Leyma da SUNU da CAREN da NIA suna aiki, amma duk kuɗin da ake zubawa a inshora a ƙasar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da tattalin arzikinta ke samarwa ba. Wadda talaka ya sani ita ce ta mota, ita ma domin doka ta wajabta ta ne, kuma jandarma yana tambayarta a kan hanya. Tun gyaran da aka yi wa sashe na 13 na dokar a 2011, wanda bai biya kuɗin shekara ba ba shi da kariya, babu zancen a biya idan an samu, alhali a kan haka kasuwarmu take tafiya. Ƙari a kan wannan, kamfani ba ya biyan ribar da aka rasa sai ya ga littafin shige da fice na shekarun baya. Mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Tahoua lissafinsa yana kansa, ko cikin wani ɗan littafi da shi kaɗai ke iya karantawa, wanda kuma ba ya son ma'aikacin haraji ya gani. Akwai kuma malamai da yawa da ke kallon inshorar zamani a matsayin ciniki mai garari da riba, kuma maganarsu tana da nauyi a Adar, wato yankin Tahoua.

To, a ce duk an kawar da waɗannan, a ce kowane ɗan kasuwa a Tahoua yana riƙe da takarda irin ta Ingila. Da ƙyar zai karɓi ko dala, domin abin da ya same shi wani iri ne daban. Hukuma ta rufe wuraren shaƙatawa da makarantu, amma ba ta bi shagunan kasuwa ta sa musu kwaɗo ba. Ƙofar shago a buɗe take. Hanya ce aka rufe, Adar kuwa a kan hanya take rayuwa.

Duk wanda ya san Keita da Buza da Tamaske da Kalfu da Barmu ya san cewa ƙasar duwatsu ce, gonar da ke ciyar da gida shekara guda ba kowa ke da ita ba. Da an gama girbi samari sai su tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Legas da Kano, wasu Kamaru da Gabon, wasu Libiya da Aljeriya. Kuɗin da suke aikowa ta Nita ko Al Izza shi ne ke zama buhun hatsi, da ɗinkin Sallah, da kwanon rufi, da kayan ɗakin amarya, kuma yawancinsa a shagunan Tahoua yake sauka. A ƙarshen Maris 2020 aka killace Abijan, aka kulle Legas da Abuja, Kano ta biyo baya a watan Afrilu. Mai tura baro da mai tallan kaya da mai sayar da shayi a waɗannan birane duk sun zauna gida, abin da za su ci ma ya zama aiki, balle na aikowa. Masu son komowa domin shirin damina kuma suka tarar da iyaka a rufe.

Lokacin ya kuma faɗo daidai kakar albasa. Daga Galmi da Madawa har kwarin Keita da Tamaske, watannin Maris zuwa Mayu ne ake cire ta, fatake daga Gana da Kwaddibuwa suna zuwa da kuɗi a hannu. Gaskiya ne an bar manyan motocin kaya su ƙetare iyaka, amma ba mota ke yin ciniki ba, mutum ne, shi kuwa an hana shi wucewa. Albasa ba ta jira. Wanda ya kama hayar rumbu ko magaza domin tara ta, yana kallo tana raguwa, haya tana ƙaruwa. Ga masu abinci da masu buga takardu da ke kewaye da jami'a da sauran makarantu, ga masu shirya tafiyar aikin Hajji da aka soke wa baƙi a shekarar, ga teloli da masu kayan biki da hana taro ya tsayar. Kada kuma a manta cewa korona ta tarar da mu da ciwo: tun Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba ta buɗe ta Illela da ke fuskantar Birnin Ƙonni ba sai ranar 16 ga Disamba 2020. Kusan wata 16 ke nan babbar ƙofar kayan Sakkwato da Kano tana toshe, sai dai ta ɓarauniyar hanya da tsadarta.

Matakan sauƙin da aka sanar sun bi ta inda gwamnati take da iko. Ta ɗauki nauyin kuɗin ruwa da wutar masu ƙaramin ƙarfi na Afrilu da Mayu, ta ɗaga wasu haraji, ta kuma shirya da bankuna wani tsarin bashi na biliyan 150 na sefa domin kamfanoni. Babban bankin BCEAO ya ba bankuna damar ɗaga wa masu bashi biya na wata uku, da yiwuwar sabuntawa sau ɗaya. Duk wannan ya taimaki mai asusun banki da takardun rajista. Hayar shago tsakanin mutum da mutum kuwa an bar ta a hannun su biyun.

Me doka ta ce su yi? Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ita ke hukunta hayar wurin sana'a a Nijar, daga sashe na 101 zuwa na 134. Akwai abubuwa a cikinta da mutane da yawa ba su sani ba. Hayar baka ma haya ce a wurinta, ko ba a rubuta komai ba. Wanda ya yi shekara biyu yana sana'a a wuri yana cika sharuɗɗa yana da haƙƙin a sabunta masa. Mai shago ba shi da ikon ɓalle kwaɗo ya watso kaya waje don an ƙi biyansa, sai ya aika gargaɗi a rubuce, ya ba da wata guda, sannan ya je gaban alƙali. Wata dokar ta OHADA, ta karɓar bashi, ta ba alƙali ikon ɗaga wa mai bashi ko rarraba masa biyan har tsawon shekara guda idan ya duba halinsa. Amma duk wannan jinkiri ne, ba yafiya ba. Sashe na 112 ya ɗora wa ɗan haya biya a lokacin da aka yi alƙawari, bai ce sai idan kasuwa ta yi kyau ba. Mai tunanin zai fake da cewa abin daga Allah ne, ya fi ƙarfin kowa, ya dubi abin da kotun ƙolin Faransa ta yanke ranar 30 ga Yuni 2022: ko waɗanda gwamnati ta rufe wa shaguna da kanta sai sun biya hayar watannin kulle. Lauyoyinmu da alƙalanmu suna karanta irin waɗannan hukunce-hukunce.

Abin mamaki, littattafan da ake karantawa a zaurukan malaman Adar sun yi wannan magana tun ƙarnuka da suka wuce, kuma sun fi dokar zamani sassauci a wani gefe. Shaihu Halil, a babin haya na Muhtasar, ya lissafa umarnin sarki na rufe shaguna cikin abubuwan da ke warware yarjejeniyar haya, domin abin da ake biya shi ne amfani, idan an hana amfanin to hayar ba ta da madogara. Risala ma ta kawo hukuncin masifar da ke faɗa wa 'ya'yan itatuwa bayan an saye su, inda ake rage wa mai saye idan ɓarnar ta kai sulusi. Da za a bi wannan, mai makarantar kuɗi da mai wurin shaƙatawa da aka rufe da umarni suna da hujja mai ƙarfi. Sai dai malaman Malikiyya sun raba tsakanin wanda aka hana shi buɗewa da wanda ya buɗe kasuwa ta yi masa sanyi. Na biyun ba a sauke masa haya. Abin da ya rage masa shi ne umarnin Alƙur'ani a ƙarshen Suratul Baƙara na a saurara wa mai bashin da ke cikin ƙunci. Ke nan kamfanin inshora da dokar OHADA da littafin fiƙihu, duk da nisan da ke tsakaninsu, sun haɗu a wuri guda: mai atamfar da ya zauna a buɗaɗɗen shago babu mai saye, babu wanda ya wajaba ya ɗauke masa asararsa.

Amma an ɗauke ta, ko an raba ta, ta hanyar da aka saba. Ɗan haya ba ya rubuta wasiƙa, yakan ɗauki wani dattijo ko limamin unguwa ko shugaban layinsu na kasuwa su je gidan mai shago bayan Magariba. A gaisa, a yi addu'a, a ce "Alhaji, ka ga halin da ake ciki, a yi haƙuri zuwa kaka." Wani ya yafe wata ɗaya ko biyu, wani ya ɗaga, wani ya karɓi kaya a maimakon kuɗi. A zahiri mai shago shi ne ya zama kamfanin inshora, ba tare da ya taɓa karɓar ko sisi domin wannan aiki ba. Wannan tsari yana da abin yabo. Ba ya buƙatar lauya, yana da sauri, kuma mai yanke hukunci ya san ɗan hayarsa, ya san ko da gaske babu ne ko kuwa fakewa yake da korona, abin da kamfani a Yamai ba zai taɓa sani ba.

Inda na fi ganin matsalar shi ne a zaton da ake yi cewa kowane mai shago attajiri ne. Akwai su, amma shaguna da yawa a Tahoua 'yan biɗa ne suka gina su da gumin shekaru a Abijan ko Libiya, domin hayar ta riƙa ciyar da gida idan ba su aiko ba. Wasu na gado ne, gwauruwa da marayu ke jiran kuɗin. Wasu na tsofaffin ma'aikata ne da fansho ba ya isarsu. A 2020 mutum guda ya rasa cinikinsa a Abijan, ya kuma rasa hayarsa a Tahoua a wata ɗaya, domin rashin aikowar irinsa ne ya hana ɗan hayar ciniki. Matsalar da ta sa manyan kamfanonin duniya suka guji annoba, wato kowa ya faɗi lokaci ɗaya, ita ce ta faɗa wa zumunci. Adashe ma haka, idan kowa na neman ɗauka babu mai zubi, sai ya tsaya.

Haƙurin kuma ba a raba shi daidai. Ɗan gari mai dangi da fuska yana samun sassauci. Baƙo, ko yaron da bai daɗe da buɗe shago ba, ko macen da ba ta da namijin da zai yi mata magana, sai a ce su biya ko su ba da makulli, kuma da yawa ba su san suna da haƙƙin gargaɗin wata guda ba. Wanda aka ɗaga wa ma bai tsira ba, domin bashin haya kan haɗu da bashin mai ba shi kaya a Ƙonni ko Maraɗi, sai ya ci uwar kuɗi ya biya, shago ya koma rabin abin da yake. Mai shagon da ya taɓa yin asarar haya kuwa hankali zai sa ya nemi kuɗin watanni da yawa tun farko, ko ya zaɓi wanda ya sani. Ƙarshenta nauyin yana komawa kan sabon shiga, wanda ko a lokacin annobar ba ya kasuwa.

Wanda ya ɗauka abin ya wuce da korona, shekarar 2023 ta ba shi amsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki, ba a sake buɗe hanyar Illela da Ƙonni ba sai Maris 2024. Cikin shekaru biyar an toshe wa Adar hanya sau uku, sau ɗaya saboda shinkafar fasa-ƙwauri, sau ɗaya saboda cuta, sau ɗaya saboda siyasa. Abin da ke dawowa haka ya fita daga layin tsautsayi, ya zama abin da ya kamata a sa cikin lissafi tun ranar kama shago.

Ba na ganin amfanin tallata wa 'yan kasuwar Tahoua inshorar katsewar ciniki irin ta Turai. Ta gobara kam tana da ma'ana, domin nan ne lissafin kamfani yake aiki, kuma tunda CIMA ta tsara dokar ƙananan inshora a 2012 da ta takaful, wato inshorar Musulunci, a 2019, an samu hanyar da malamai za su iya amincewa da ita. Asusun haɗin gwiwa na 'yan kasuwa, irin dabarar da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara suka faro a Maraɗi tun 1991, zai iya riƙe mutum wata ɗaya ko biyu, amma kada a yi masa zaton abin da ya fi ƙarfinsa. Rufe iyaka na shekara guda, wanda ya rufe ne kaɗai ke da aljihun da zai rage raɗaɗinsa, wato hukuma. Ma'aikatar magajin gari, wadda ita ce mai rumfunan kasuwa, tana iya fara nuna misali da sassauta nata kuɗin a irin waɗannan watanni.

Abin da ke hannun mutane yau, ba tare da jiran kowa ba, shi ne takardar haya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Tahoua da reshen majalisar 'yan kasuwa na jihar su zauna da malamai da wani masanin doka, su fitar da takarda mai shafi ɗaya, da Hausa da Faransanci, wadda za ta faɗi tun farko nawa za a biya idan hukuma ta rufe shago, nawa idan iyaka ta wuce wata guda a rufe, da kuma yaushe za a cika ragowar. Mai shago ya sa hannu, ɗan haya ya sa hannu, shaidu biyu su sa, kafin a miƙa makulli.